Fim ɗin da Mma ta gani a siton kaɗanya

Wasu shekaru can baya, lokacin ina da 'yar kwantena a bakin titi a Gurugu, sana'ata gyaran waya ce da tura wa mutane fim a memori. Gyaran wayar dai ina ɗan taɓawa, amma maganar fim, a lokacin ban yarda akwai wanda ya fi ni a Tamale kaf ba. Ka zo ka ce mini, "Wani fim nake nema, akwai mai gemu a ciki, ya faɗa rijiya," kafin ka rufe baki na ɗauko maka shi. Samarin unguwa suna zuga ni, ni kuma ina hura hanci. Mahaifiyata ce ta sauke mini wannan girman kan, kuma ba da niyya ta yi ba.

Mu a gida Mma muke ce mata. Tana zaune a tsohon gidanmu na Kasalgu, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida tun kafin a haife ni. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Mu biyu ne 'ya'yanta da muka rage a gari, ni auta da yayana, wanda Allah ya buɗa masa ya yi gini a Jisonayili, gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci a wurin Mma muke cin tuwo.

Wata Juma'a na je da kwamfutata, 'ya'yan yayana suka dame ni sai na saka musu fim. Na saka musu wani sabo, irin wanda ake ta fashe-fashe. Mma tana daga gefe tana tsintar waken ƙosan gobe, tana ɗan leƙawa. Can ta yi tsaki.

"Wannan kuma mene ne? Tun ɗazu gidaje ke faɗuwa a kan mutane, ba wanda ya tsaya ya ce sannu."

Na ce, "Mma, na zamani ke nan."

"Zamani bai iya sini ba. Sini na gani ni, shekarar da aka kawo ni gidan nan."

Ban taɓa sanin Mma ta shiga sini, wato silima, ba. Na matsa kusa. Ta ce a lokacin matar aure ba ta zuwa gidan sini na cikin gari, amma akwai wani mutum da yake kawo injinsa wani siton kaɗanya kusa da kasuwa, da rana tsaka, a toshe tagogi da buhuna, mata zalla. Wadda ba ta da kuɗi ta biya da kwanon kaɗanya. Sai ta shiga ba mu labarin fim ɗin, hannunta bai bar tsintar wake ba.

Wai wata mata ce mai jan ɗigo a goshi ta haifi tagwaye maza. Ruwa ya ci garinsu, ya tafi da yaran, ɗaya gabas ɗaya yamma. Matar ta yi waƙa a bakin kogi, waƙar da ta sa duk siton kuka. Ɗaya daga cikin yaran ya girma a wurin wani tsoho mai farin gemu a ƙasar Caina, aka aske masa kai, yana ɗibar ruwa yana hawa dutse da shi, har ya koyi faɗa ya kakkarya mutanen da suka kashe tsohon. Daga nan ya sa malafa, ya hau doki, ya shiga wani gari na katako, ya harbe wani azzalumi a tsakiyar titi, ya juya dokinsa ya tafi.

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini," in ji Mma. "Ɗayan yaron ba a sake nuna shi ba. Har yau ina so in san inda ruwa ya kai shi."

Yaran suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma kaina ya ɗaure. Yayana ne kaɗai bai yi dariya ba.

Da na raka shi bakin motarsa ya tura yaran ciki, ya rufe ƙofa, ya juyo.

"Ka ji abin da na ji? Indiya, Caina, kaboyi, duk a fim ɗaya, mutum ɗaya. Kai ne masanin. Akwai irin wannan?"

Na ce gaskiya ban taɓa gani ba.

"To. Kwanaki ta bar mai a wuta har kasko ya kama. Rannan da sunan kawu marigayi ta kira ni. Yau kuma ga wannan. Haka surukata ta fara, ƙanena, haka ta fara, har ranar da aka tsinto ta a hanyar filin jirgi ba takalmi. Ba zan jira Mma ta faɗa cikin mai ba. Ɗakin da nake gyarawa zai ƙare kafin azumi. Za ta bar wutar nan ta dawo wurina."

Kada wani ya ɗauka yayana mugu ne. Tsoro yake ji, kuma ya ga abin da ya gani. Amma ni na san Mma. Teburin kokon nan shi ne majalisarta. A nan take jin wa ta haihu, wa ya rasu, wa ya saki matarsa ya dawo da ita. A nan take yi wa direbobin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, faɗa kamar ita ta haife su. A kai ta Jisonayili, inda maƙwabci ba ya ganin maƙwabci sai ta saman katanga, a zaunar da ita gaban fanka, na san ba za ta yi musu ba, don ba ta musu da babban ɗanta. Za ta dai yi shiru ne, kuma shirun nake tsoro.

Na ce, "Yaya, in na samo fim ɗin fa?"

Ya ce, "In ka samo, na bar maganar. Wallahi ina so ka samo."

Daga ranar na shiga nema. Ban gaya wa Mma dalili ba, na ce mata labarin ne ya ba ni sha'awa, kuma wannan ma ba ƙarya ba ne, don abin ya hana ni sakat. Da la'asar sai in rufe kwantena in hau moto, wato babur, in tafi Kasalgu da kwamfuta, in ajiye a kan kujera 'yar tsugunno, ita tana tsintar wake ni ina saka mata fina-finai. Dabarata ita ce in fara da na Indiya na da, tunda a nan labarin ya fara. Matsalar, in ka ce uwa da tagwaye da ambaliya a tsofaffin fina-finan Indiya, kamar ka shiga kasuwa ka ce kana neman mai sayar da tumatur ne.

Ban samo fim ɗin ba, amma na samo wani abu da ban nema ba. Ashe Mma alƙaliya ce.

Na Indiya na da, ta ce mutanen nan sun san uwa. In uwa ta yi kuka a fim ɗinsu, kai ma sai ka tuna taka. Sun san biki, sun san rantsuwa, kuma mugunsu mugu ne tun daga gashin baki, ba ya wahalar da kai. "Amma ba su san sauri ba. Mutum an soke shi da wuƙa, sai ya yi wasiyya, ya yi waƙa, ya gai da kowa, koko na ya huce bai mutu ba." Da na saka mata na Indiya na yanzu kuwa, ta ce waɗannan sun ƙoshi da yawa. Talakansu ma yana da ƙirji kamar katifa, ita ba ta yarda da yunwarsa ba.

Na Caina ta fi girmama su fiye da yadda na zata. Ta ce su kaɗai ne suke nuna mutum yana koyon sana'a. Buloman ɗinsu, wato jarumin, ba a haife shi da ƙarfi ba, sai ya yi shara, ya ɗebi ruwa, ya sha duka wurin maigidansa, kamar yadda ita ta sha wurin gwaggonta kafin ƙosanta ya fara tashi. Laifinsu ɗaya, ba su da gaisuwa. "Mutum ya shigo gidan cin abinci, ko zama bai yi ba an fara fasa tebur. Mai abincin nan, wa zai gyara mata?" Duk faɗan da aka yi, Mma tana bayan mai abinci.

Na kaboyi kuwa shiru take yi tana kallo. Ta ce ƙasarsu ta yi kama da hanyar Bolga da rani, fili har iyakar gani. Tana son yadda ba sa yawan magana, mutum ya ce zai zo, ya zo. Amma ta rasa inda suka kai matansu da tsofaffinsu, kuma ba ta taɓa ganin an ɗora tukunyar kirki ba, kullum ɗan gwangwani a kan wuta. Ta ce dole mutum ya yi saurin harbi in ba ya cin tuwo.

Da na gaji sai na fara saka mata duk abin da ya zo hannuna, don kawai in ji me za ta ce. Na Kano ta ce bakinsu da daɗi, habaicinsu yana shiga, su kaɗai ne in suruka ta yi magana take jin kamar a tsakar gidanmu aka ɗauka, sai dai kowa yana zaune a kujerar falo, ba mai zuwa aiki. Na Kumasi sun iya ban dariya, amma da an rasa yadda za a ƙare labari sai a jefo maye da wuta a hannu. Namu na Dagbanci na nan gari, hoton yana rawa, iska tana shiga maganar, amma ta ce a nan kaɗai take ganin zanin da ta sani da irin zaman da ta sani, har tana nuna mini bishiyoyin da ta gane. Na ban tsoro ta kalli rabin ɗaya ta ce in kashe, ba don tsoro ba, wai haushi take ji, gida yana ƙara da daddare mutum ya ɗauki tocila shi kaɗai maimakon ya ta da maƙwabta. Waɗanda ba sa ƙarewa kuwa, masu kashi ɗari da wani abu, ta ce wannan ba sini ba ne, aure ne.

Ni da nake tura wa mutane fim shekara da shekaru, ban taɓa tambayar wa zai gyara teburin mai abinci ba. Na riƙa komawa gida ina dariya ni kaɗai a kan moto. Ina ce wa kaina, wadda hankalinta ya fara tafiya ba ta yin irin wannan hukuncin.

Sai dai duk ranar da na tambaye ta fim ɗinta, labarin yana nan yadda yake, jan ɗigo, askakken kai, malafa. Na bincika intanet har idona ya yi ja. Na tambayi abokan sana'a a Kumasi da Akra, wani ya ce in rage shan shayi mai ƙarfi. Na je majalisar dattawan zongo waɗanda suka yi zamanin gidan sini, suka ce kowanne daga cikin ukun sun san irinsa, amma a haɗe, a'a. Na tambayi Mma matan da suka shiga siton tare. Ta lissafo su, wannan ta rasu, wannan ta rasu, wannan an mayar da ita garinsu tun tuni ba labari. Siton ma an rushe shi an yi shaguna.

Azumi yana matsowa. Yayana ya kira ni ya ce an gama fenti, saura labule. Na fara kallon Mma ta wutsiyar ido, in ta nemi ludayi alhali yana hannunta sai gabana ya faɗi. Abin da kowa yake yi kullum, a wurinta ya zama alama.

Wata la'asar muna kallon wani tsohon na Caina marar fassara, ta ce, "Wannan me yake cewa?" Na ce ban sani ba. Sai abin ya faɗo mini.

"Mma, ke a siton nan, yaya kika ji abin da suke faɗa?"

"Ah ah. Mai sinin ne ke faɗa mana mana, a lasifika. Ya yi da Hausa, ya yi da Dagbanci. Har kukan matar shi ke yi."

Makonni ina neman fim a duniya, ban taɓa tunanin in nemi mutumin da ya haska shi ba. Masanin Tamale kaf ke nan.

Abokina mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke jikin kwantenata, Badagombe ne haifaffen gari, kuma sana'ar a wurin mahaifinsa ya gada. Ya tambayi tsohon nasa, tsohon ya ce ya san mutumin sarai, shi yake gyara masa lasifika a da. Yana nan da rai, ya koma ƙauyensu gaba da Kasalgu kaɗan.

Washegari da hantsi muka ɗauki goro muka tafi. Muka same shi a gindin mangwaro yana tufka igiya, siriri, ido ɗaya ya yi fari, amma murya kamar ta mutum uku. Hausarsa ta koyo ce, mace ma "shi" yake ce mata. Muka durƙusa muka ce dasiba, wato ina kwana da Dagbanci, ya amsa da naa. Da aka gama gaisuwa na ce, "Baba, sunan wani fim na zo tambaya." Na fara ba shi labarin. Ina kan mata mai jan ɗigo yana gyaɗa kai kawai. Da na kai inda yaron ya girma a Caina, sai ya ajiye igiyar. Da na ce ya sa malafa ya hau doki, tsohon nan ya fashe da dariya har da tari, abokina yana bubbuga masa baya.

"Yaro, wa ya gaya maka wannan?"

"Mahaifiyata."

"Shi na da rai? Allah ya ƙara mishi kwana! Sini nan ba ka samu shi Akra, ba ka samu shi Indiya. Ni na yi shi. Da reza."

Ya ce a zamaninsu fim daga bakin teku yake tasowa, ya yi Akra, ya yi Kumasi, kafin ya iso arewa ya tsufa ya sha ɗinki. Fim ɗaya gwangwani da yawa ne, kowanne da nasa faifan a naɗe. Shi kuma ƙaramin mai sini ne, ragowar da manya suka bari yake samu. Wata rana lori ta sauke masa kaya, ya buɗe ya ga abin haushi. Na Indiya farkonsa kaɗai ya zo. Na Caina tsakiyarsa. Na kaboyi ƙarshensa. Ga shi an riga an zaga gida gida an gaya wa mata akwai sini, wasu sun roƙi mazajensu tun mako guda.

"In ce musu su koma? Mata nan sau ɗaya ne za a bar shi ya fito. Na zamna na duba kaya na. Na ce, Indiya ya iya haifuwa da rabuwa, amma bai iya gama magana ba. Caina ya iya fushi, amma ba shi da uwa. Kaboyi bai iya komi ba sai tafiya, amma tafiya nan ya iya shi paa. To kowa ya ba ni abin da ya iya."

Ya yanka, ya liƙa da gam, sauran kuma ya ɗinke da bakinsa a lasifika. Na ce, "Baba, fuskar jarumin fa? Ai mutum uku ne daban." Ya ce shi ma abin da ya ji tsoro ke nan. Da aka zo wurin sai kawai ya ce, jama'a ku dubi yadda wahala take canza ɗan Adam. Wata tsohuwa a gaba ta ce wallahi gaskiya ne, haka mijinta ya dawo daga kudu. Daga nan ba wadda ta ƙara tambaya.

Ya haska shi 'yan lokuta, mata suna ta aiko a maimaita, har ranar da injin ya yi zafi faifan ya narke. Ya ce a duk abin da ya haska a rayuwarsa ba wanda aka yi wa kuka kamar wannan, kuma bai taɓa zaton akwai mai tunawa ba.

Ni a lokacin ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na roƙe shi ya zo Kasalgu ranar Juma'a. Ya ce in dai akwai tuwo.

Na ɗauko shi a moto, ya sha babbar riga ta saƙi. Yayana yana nan da iyalinsa. Na ce, "Mma, kin san wannan baƙon?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce a'a. Sai tsohon ya gyara murya, ya kama hanci, ya saki wani siririn kuka irin na mace, yana kiran 'ya'yana, 'ya'yana, ruwa ya ci ni.

Mma ta saki ludayin miya.

"La ilaha illallahu! Mai sini! Kai ne?"

Ba ta bari ya zauna da kyau ba ta tare shi. "Tsaya, Baba. Ɗayan yaron. Ina ruwa ya kai shi?"

"Hajiya, gwangwani nan bai zo ba. Ina ji shi na Kumasi har yau."

Ya ba su labarin reza da gam kamar yadda ya ba ni. Na zata Mma za ta ji haushi an yaudare ta. Ina! Dariya ta yi har tana share ido da bakin mayafi, sannan ta shiga yi masa gyara. Wai tunda shi ne mai bakin, me ya hana shi mayar da yaron wurin uwarsa? Ya ce ai ya faɗa a lasifika, dokin nan gida ya nufa. Ta ce faɗa daban, gani daban, ita ba ta ga ya durƙusa ya gai da uwarsa ba, kuma fim ɗin da ɗa bai koma ya gai da uwarsa ba bai ƙare ba. Ya ce Hajiya da me zan nuna, kaboyi ba shi da uwa. Suka yi ta yi kamar waɗanda suka saba. Shi ya ce dokin fari ne, ita ta ce ja ne mai farin goshi, ya ce ƙila ita ce da gaskiya.

Na saci kallon yayana. Yana dariya, hawaye na bin fuskarsa, kuma na san ba na dariyar kaɗai ba ne. Ya matso ya ce mini a kunne, "Na bar maganar."

Da la'asar na mayar da tsohon ƙauye da ƙullin ƙosai da Mma ta soya masa musamman. Na dawo ina jin kaina kamar buloman. Na tarar yaran sun fita wasa, matar yayana tana wanke-wanke a baya, Mma da yayana suna zaune a tsakar gida. Ta nuna mini tabarma.

"Zauna, auta. Ɗakin Jisonayili, an sa labulen?"

Muka dubi juna ni da yayana. Ba wanda ya taɓa gaya mata.

"Mai fentin a wurina yake shan koko," ta ce. "Kuma ni na haife ku. Tun ranar da na ba da labarin nan na ga yadda kuka kalli juna. Kai kana kawo mini sini kullum kamar mai ba mara lafiya magani. Na sha, don yana da daɗi."

Yayana ya fara cewa, "Mma, tsoro ne ya..."

"Na sani. Ban ce kun yi don mugunta ba. Mai ya kama wuta, gaskiya ne, kuma ran da na ga hannuna ba ya iyawa ni zan faɗa muku da bakina. Tambaya ɗaya nake da ita." Ta kalli yayana, ta kalle ni. "Bawan Allahn nan ya tsufa. Da bara ya rasu fa? Shi ke nan na haukace?"

Yayana ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Ni kuma duk jarumtakar da na shigo da ita ta zube, don na san da na je ƙauyen nan na tarar da kabari, da ni zan taya ɗaukar kayanta.

Mma ta ci gaba da suyarta shekaru bayan haka. Da gwiwoyinta suka gaza, ita da kanta ta kira yayana ta ce ya zo da mota, kuma yanzu tana Jisonayili, ta riga ta san sunan kowa a layin duk da katangun. Ni na bar tura fim, waya ta kashe sana'ar, amma har yau in ina kallo da idonta nake kallo. Ina duba wa ya iya farawa, wa ya iya ƙarewa, wa aka fasa wa tebur aka manta da shi. Na daina cewa fim kaza ya fi kowanne, don ban ga wanda ya iya komai ba. Kuma in tsoho ya ba ni labarin da bai yi kama da gaskiya ba, ba na saurin kallon na kusa da ni.

Mai sinin bai daɗe ba, damina biyu bayan zuwansa abokina ya kawo mini labarin rasuwarsa. Na je na gaya wa Mma. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta shafa.

"To," ta ce, "yanzu saura ni kaɗai na gani."

Na ce, "Ai mun yarda, Mma."

"Kun yarda don shi ya faɗa."

Kuma gaskiya ta faɗa.